Igiyoyin Barau Mai Rijiya

Ban san Barau ba sai ta dalilin ramin da ya bari a gidanmu. Kafin nan nakan ga wani gajeren dattijo yana ratsa unguwarmu a Talata Mafara da dagi a kafaɗa, amma ban taɓa tambayar sunansa ba, don ni ba mai yawan tambaya ba ce. Na gama jami'a a Sakkwato, ina zaune gida ina jiran kiran bautar ƙasa, kuma a shekara huɗun da na yi can ban tuna ranar da na ɗaga hannu a aji ba.

Mahaifiyata, Inna Saude, ita ta so rijiya. Tun bayan rasuwar Babanmu ruwa muke saye wajen 'yan garuwa, in ya yi tsada mu je ɗiba gidan maƙwabcinmu Malam Mukhtar. Mutanen kirki ne, ba su taɓa ɓata fuska ba, amma Inna ta gaji da yin sallama a ƙofar mutane da bokiti a hannu. Ta sayar da raguna biyu da ta yi shekara tana kiwo, ta miƙa kuɗin ga ƙanenta, Kawu Dikko, ta ce ya nemo mata mai gina rijiya. Kawu Dikko dillalin shanu ne, dogo ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu. Ciniki sana'arsa ce, kuma yana son a san haka. Shi ya kawo Barau daga Damri.

A wajenmu da gaba ake cinikin rijiya. Gaba shi ne tsawon da mutum zai samu in ya buɗe hannuwansa biyu, daga ƙarshen yatsun wannan zuwa ƙarshen na wancan. Kowane gaba da kuɗinsa. Ranar cinikin ni na kai musu ruwa zaure, na koma bayan ƙyaure na tsaya, don haka na ji komai. Barau ya ce ba za a samu ruwa a unguwar nan ba sai an gina gaba goma sha huɗu. Kawu ya ce sha biyu, ya ce ga rijiyar Malam Mukhtar nan bayan katanga, sha biyu ce. Barau ya ce shi ya gina ta da hannunsa, sha huɗu ce. Kawu ya yi dariya, ya ce duk masu rami haka suke, sai sun ɗora biyu a kai. Akwai mutum biyu ko uku a zauren, su ma suka yi dariya. Can Barau ya ce to, sha biyu. Kawu ya biya shi duka nan take, don a ga an rufe ciniki.

Sati uku suka yi suna aiki, shi da ɗan'uwansa Ɗantala, wani ƙaton mutum marar magana da ke jan ƙasa daga sama. Ni kuwa na sami abin kallo. Ina zama ƙofar ɗaki da tsintar shinkafa ina satar dubawa. Kowace safiya, kafin ya sauka, Barau yakan kunna ƙaramar fitila ya zura ta da igiya har ƙasa, ya jira. In ta ci gaba da ci, sai ya yi bisimilla ya shiga. Ba ya amfani da tsani, ƙananan ramuka yake sassarawa a jikin bango, wannan gefe da wancan, yana taka su yana sauka kamar wanda ke tafiya a tsakar gidansa. Da yamma in ya fito, yakan ɗauko wata igiya ta daban, wadda ba a jan ƙasa da ita, ya zura, ya jawo, ya yi ƙulli. Wani lokaci ya ciro ɗan ƙyalle daga aljihu ya ɗaura a jiki. Na so in tambaye shi na mene ne, na kasa.

Wata Alhamis ya fito, ya naɗe igiyarsa, ya ce wa Inna sha biyu sun cika. Ƙasar da Ɗantala ya jawo ta ƙarshe yumɓu ce mai danshi, amma babu ko ɗigon ruwa. Ya yi mana sallama mai kyau ya tafi. Ranar Talata Kawu ya tare shi a kasuwa, gaban jama'a, ya kira shi macuci, ya ce ya ci kuɗin gwauruwa ya bar mata rami. An ce Barau bai ko ɗaga kai ba, barkonon da yake saye ya ƙarasa saye ya wuce. Daga nan ba mu sake ganinsa ba.

Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas. Ramin na nan buɗe, taku uku daga bangon ɗakin Inna, kwalbatocin simintin da za a jera a ciki suna zube a gefe. Kowa ya leƙa sai ya ce in ruwan farko ya same shi haka, bakinsa zai zabtare, kuma ba zai tafi shi kaɗai ba, da bangon zai tafi. Muka nemi wani mai gina, ya ce ba ya shiga ramin wani sai mai shi ya sallama, kuma sai an biya shi sabon kuɗi. Kuɗi kuwa suna hannun Barau. Kawu ya ce ko kotu ce a je, ya juyo kaina ya ce mene ne amfanin jami'ar da aka kai ni in ba zan iya rubuta takarda in karɓo haƙƙin uwata ba. Inna ta ce a bar zancen takarda. Ta ce in je Damri in shiga ta wajen matarsa, in yi magana a hankali, ko rabi ne ya maido, in dawo kafin la'asar saboda hanya.

Na shiga mota zuwa Bakura, daga nan babur ya kai ni Damri. Duk hanya ina haddace abin da zan faɗa. Da na isa ƙofar gidan, duk ya gudu.

Matarsa, Gwaggo Taibatu, ta tarbe ni. Doguwa ce, ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ga baki. Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta tambayi mutanen Mafara, ta sake komawa kan Inna. Ta dama mini fura. Ta san abin da ya kawo ni, ni ma na san ta sani, amma ba wadda ta taɓo. Da Barau ya dawo daga sharar gona muka sake sabuwar gaisuwa daga farko. Ya zauna kan buzu a bakin wani ɗaki, ya bar ƙofar a buɗe, ni kuma don kada in dube shi sai na duba cikin ɗakin.

Igiyoyi ne a rataye, tun daga wannan bango har wancan, kowace a naɗe, kowace da ƙulle-ƙulle da ƙananan ƙyallaye masu launi. Wasu sun yi baƙi don tsufa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, waɗannan fa?"

"Rijiyoyina ne," in ji shi.

Ya ce kowace rijiya da ya gina tana da igiyarta. Ƙulli ɗaya, gaba ɗaya. Ƙyallen kuma inda ƙasa ta sauya ne: nan jar ƙasa ta ƙare, nan marmara ta fara, nan tsakuwa, nan yumɓu, nan yashi, ƙyalle na ƙarshe shi ne ruwa. Bai yi boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba, amma in aka kira shi unguwar da ya taɓa aiki, yakan sauko da igiyar wurin ya bi ta da yatsa, ya san abin da zai tarar kafin ya sa dagi. Na ƙirga da ido, sun haura sittin.

Tun da na yi tambaya ɗaya ban mutu ba, sai na yi ta biyu. Labarinsa ya fito a gutsuttsure, rabi daga bakinsa, rabi daga Gwaggo Taibatu da ke gyara masa. A Damri aka haife shi, ubansa manomi. Su bakwai ne maza, shi ne ƙarami a jiki, har ana cewa ba zai iya riƙe garma ba. Yana saurayi wani mai gina rijiya daga Maradun ya zo aiki garin, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wannan jikin na rami ne, dogo ba ya iya juya dagi a ƙasa. Ya ce ranar ce ta farko da wani ya yaba gajartarsa. Ya bi mutumin shekara tara, sun yi aiki a Maradun, Garbadu, Ruwan Gizo, da rugage da dama inda Fulani suka zauna suka kama noma. Wajensa ya koyi gwada iskar rami da fitila, in ta mutu ba a shiga, bayan wata rana da maigidan ya ja shi daga rami a sume. Wajensa kuma ya koyi cewa mai gina shi ke fara kurɓar ruwan kafin masu gida, in da cuta a ciki ta fara da shi. Igiyar ƙulli dai nasa ne, ba a koya masa ba. Mantuwa ce ta sa ya fara.

Gwaggo Taibatu ta ce ƙyallayen duk tsofaffin zannuwanta ne, shekara talatin da wani abu yana yage mata su. Ta tashi ta nuna mini wata igiya mai koren ƙyalle, ta ce wannan atamfar da ita ta yi sunan 'yarsu ta fari, wadda ta girme ni nesa, don haka rijiyar ma ta girme ni. Ta nuna wata mai ruwan goro, ta ce shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama ce. Shi ya san zurfi, ita ta san shekara. Yanzu aikin ya ragu, in ji ta, masu hali burtsatse suke sa a haƙa musu da inji, sai talaka ke neman Barau, talaka kuwa sai ya yi ciniki har ya ɓata rai.

Nan na tambaya ko igiyar rijiyar Malam Mukhtar tana nan. Ya tashi bai ko yi dube-dube ba, ya sauko da ita. Ya ce in ƙirga da kaina, kada a ce ya faɗa. Ya kama bakin igiyar da hannun hagu, ya buɗe na dama, ƙullin farko ya faɗo daidai kan yatsunsa. Ya sake, na biyu ya faɗo daidai. Ina ƙirgawa, amma idona ba kan igiyar yake ba, kan hannuwansa yake. Gajeru ne, masu kauri. In ya buɗe su duka, da kaɗan suke wuce faɗin ƙofar da ke bayansa.

Sai na tuna wani abu da na gani ban ɗauke shi komai ba. Ana gobe za a yi ciniki, na je ɗiban ruwa gidan Malam Mukhtar da yamma, na tarar da Kawu Dikko a bakin rijiya. Ya jawo igiyar guga yana buɗe hannuwa yana ƙirgawa a hankali, kamar yadda yake duba haƙoran sa kafin ya taya. A zaure bai gaya wa Barau ya auna ba. Cewa kawai ya yi sha biyu ce.

Barau ya kai sha huɗu ya tsaya. Na ji kamar an kira ni gaban aji.

"Baba, Kawu ma ya auna. Na gan shi. Amma da hannunsa ya auna."

Gwaggo Taibatu ce ta fara dariya, ta yi ta yi har tari ya kama ta, ta ce wannan mai hannu kamar gora? Barau bai yi dariya ba. Ya dubi igiyar, ya dubi hannunsa, ya tambaye ni ko kawuna yana iya taɓa saman ƙofar zaurenmu ba tare da ɗage ba. Na ce sunkuyawa ma yake yi.

"Gaba na wanda ya shiga rami ne," ya ce. "Haka muka taras. Shekara arba'in ban ga mai gida ya riga ni awo ba." Ya fara naɗe igiyar. "Ni na ɗauka rowa ce. Shi kuma ya ɗauka ƙari na yi."

Gwaggo Taibatu ta ce ko ma mene ne, ya san babu ruwa a sha biyu, ya karɓa ya gina. Ta ce tun ranar ta gaya masa, fushi da namiji ne zai huce a kan mace. Bai musa ba. Ya ce ya yi zaton in suka ga busasshen rami za su zo su ce Barau ka yi gaskiya, ƙara mana biyu, shi ke nan. Sai aka bi shi kasuwa.

Na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan faɗa ba. Na dubi tabarma na ce Inna ta aiko ni ne kan kuɗin, ko rabi ne, don a sami wanda zai ƙarasa kafin ruwa ya rushe mata ɗaki. Ya ce ɗiyata, ba zan yi miki ƙarya ba. Rabin Ɗantala ya ba Ɗantala, nasa ya sayi taki, ga buhunan can. Ya ce ko da suna nan, sha biyu aka saya, sha biyu ya gina, bai ga abin da zai maido ba. Na ji idona ya cika, na ƙara sunkuyar da kai. Sai na ji an ajiye abu kan cinyata. Igiyar Malam Mukhtar ce, a naɗe. Ya ce in kai wa kawuna ya auna ta a gaban Inna. Gwaggo Taibatu ta raka ni har bakin hanya, ta ce tun da take ba ta ga igiya ta bar ɗakin nan ba, in kula da ita.

Washegari Inna ta aika aka kira Kawu. Na miƙa masa igiyar na ce ya auna. Ya tambayi ina kuɗin, Inna ta ce ya auna tukuna. Ya buɗe hannuwa yana ƙirgawa da ƙarfi, ya kai sha biyu igiya ta ƙare, ya juyo yana cewa kun gani. Na ce ya ƙirga ƙullin. Ya ƙirga, sha huɗu. Ya sake ƙirgawa. Ya kama bakin igiyar ya buɗe hannu sau ɗaya, ya ga ƙullin farko ya tsaya masa wajen wuyan hannu, da sauran taƙi guda da wani abu kafin ƙarshen yatsu. Ya daɗe yana dubawa. Abin da ya iya cewa shi ne, mutum ba shi da hannu ya ce zai yi awo.

Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce tana da akuya, za ta sayar, kuɗinta zai biya Barau gaba biyu, amma ba zai kai har da na mai jan ƙasa ba. Ta dubi ƙanenta.

"Dikko, tun da hannun nan naka ya ja mana, shi zai ja mana ƙasar."

Aka sayar da akuyar, aka aika wa Barau kuɗin, ya zo ranar Litinin da daginsa da fitilarsa. Shi da Kawu suka gaisa a zaure, doguwar gaisuwa, gida, iyali, kasuwa, shanu, hadari. Ba wanda ya ambaci ranar Talata, kuma ban ji wani ya ba wani haƙuri ba. Kawu ya tuɓe babbar riga ya rataye a bishiyar dalbejiya. Kwana huɗu yana jan guga. Daga ƙasa sai ka ji muryar Barau, ƙarama, tana cewa Dogo, ja. Kawu ya ja yana gunaguni, ya ce shi da yake sayar da bijimai yau gajere ke ba shi umarni daga ƙarƙashin ƙasa. Barau ya ce in ya gaji ya sauko su yi musaya, in ramin zai ɗauke shi. A rana ta biyu tafin Kawu ya yi kanta ya fashe, Inna ta naɗe masa da tsumma, ya koma.

Rana ta huɗu da hantsi guga ya fito da yashi jiƙe sharkaf. Kafin azahar ruwa yana ɓuɓɓugowa ya fi ƙarfin kwasa. Barau ya fito da laka har ƙugu, ya karɓi moɗa, ya jira ruwan ya ɗan kwanta, ya kurɓa. Muka zuba masa ido. Ya sake kurɓa, ya miƙa wa Inna. Kwana biyu bayan nan maƙwabta suka taya aka jera kwalbatoci aka ɗaure baki. Ruwan farko ya sauka bayan kwana biyar, da iska mai ƙarfi, ya kwashe rufin akurkin kajinmu. Bangon Inna bai ko tsage ba.

Ranar da zai tafi, Barau ya zura igiyar ƙullin rijiyarmu ya jawo, ya ce sha uku da rabi, gidanmu ya ɗan fi na Malam Mukhtar gangara. Ya kira ni, ba Kawu ba, ba Inna ba. Ya ciro kuɗi daga aljihu ya miƙo, ya ce na rabin gaba ne da bai gina ba. Kawu ya ce haba, ya bar shi ya sha goro. Barau ya ce abin da bai gina ba ba ya ci, kuma an aiko yarinya karɓar kuɗi har Damri, bai kamata a ce ta koma hannu wofi ba. Kuɗin ba su da yawa. Inna ta sayi sabon guga da igiya da su, suka ƙare.

Ya karɓi igiyar Malam Mukhtar ya duba ta ƙulli bayan ƙulli kafin ya sa a jaka. Sannan ya laluba aljihu, ya ce ƙyallen Taibatu ya ƙare, ga shi bai ɗaura na ruwa ba. Na shiga ɗaki na yago bakin wani tsohon ɗankwalina mai ruwan toka, wanda na yi shekarar ƙarshe ta jami'a da shi. Ya ɗaura, ya ce Taibatu za ta yi ta tambayar zanen wace ce wannan.

Har yanzu akwai abubuwan da ban tambaye shi ba. Ban san wa zai gaji ɗakin igiyoyin ba, 'ya'yansa maza biyu duk dogaye ne, sun biyo uwarsu, ɗaya yana sayar da waya a Gusau. Ban san abin da yake tunani a can ƙasa ba, inda sama take zama kamar bakin kwano. Wata safiya dai, Inna na ɗaki, na jawo sabuwar igiyar gugarmu na auna da hannuna. Sha huɗu na samu da ɗan ƙari. Ban gaya wa Kawu ba.